Sunan da Ke Layin Farko

Hafsa, Usama, da sunan Allah nake farawa, ku kuma sai ku karanta da haƙuri, don hannun da ya yi wannan rubutu bai daɗe da sanin alƙalami ba. Na san Larabci ya fi muku sauƙi a ido da baki. Amma maganar mahaifiyarku da Hausa take zaune a cikina, in na juya ta wani harshe sai in ji kamar labarin matar wani nake bayarwa.

Ga abin da ya zaunar da ni. Ranar da muke kwashe kayanta bayan rasuwarta, Usama ya ci karo da kwafin takardar koken da muka kai ofishin tallafin naƙasassu, wadda a nan ake kira ma'arud. Ya ga sunanta a layin farko, ya gane karkataccen rubutuna, ya miƙa wa Hafsa. Ke kuma, Hafsa, kika dube ni kika ce a hankali, "Ashe kai ne ka tona mata asiri, Baba." Ban amsa ba, don bakina ba ya sauri, kun san ni. Shekara biyu ke nan ina neman amsar, sai yanzu na iya haruffan da za su ɗauke ta.

Ku fara sanin wace ce ita kafin ta riƙe sanda. Ni daga wani ƙauye na bayan Bichi na zo Makka ina saurayi. Na yi allo kaɗan, kiwo ya ɗauke ni, abin da na haddace da ka na haddace shi. Aikina loda jakunkunan alhazai a tashar Kudai, da launin mota da fuskar direba nake gane wadda za ta ina. Mahaifiyarku Safiya kuwa a Makka aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin hajji da ƙafa ya zauna. Ta yi makaranta, tana karanta Larabci kamar shan ruwa. A layinmu na unguwar Mansur duk matar da aka ba takarda, ta asibiti ce, ta haya ce, ta makarantar yara ce, gidanmu take kawowa bayan la'asar. Ba ta karɓar komai. Ta dafa gahawa, ta zuba, ta karanta, ta fassara, wani lokaci ta haɗa da faɗa. In na dawo daga aiki takalman mata nake fara tsallakewa a bakin ƙofa, da yawansu nake sanin irin fuskar da zan tarar. Takalma da yawa, fara'a da yawa.

Ciwon idon ya shigo ne ba sallama. Likita ya ce daga gefe yake ci yana nufo tsakiya, kuma ba ya komawa. Ita ta fi shi iya faɗa. Ta ce, "Abu Hafsa, kamar mai leƙen duniya ta ramin makulli nake." Ta wannan rami tana iya kama kalma ɗaya a takarda, ta sake ta, ta kama ta gaba. Amma mota ta taho daga gefenta ba ta gani, matakala tana ƙarƙashin ƙafarta ba ta gani. Sai ta kafa doka a gida: kada a matsar da komai. Kun tuna faɗan da aka yi da Usama kan kujerar falo? Kun ɗauka tsafta ce ta yi mata yawa. Ba tsafta ba ce. Taku bakwai ne daga ƙofar kicin zuwa kujerar nan, in ta gusa da ɗan yatsa ƙaurinta ne zai gaya mata. Lokacin Hafsa ta tare a unguwar Shisha, Usama yana karatu a Jidda, kuna zuwa kuna tafiya, kuna ganin uwa mai ƙara gilashi kawai. Matan layi ma haka. Ni kaɗai na sani, da likita.

Wata rana muna dawowa daga asibiti madubin wata mota ya buge ta a kafaɗa, tana gefena, hannuna ɗauke da leda. Bayan wannan ne ta yarda mu nemi tallafi, da sharaɗin kada maƙwabta su ji. Yadda tsarin yake a lokacin, wanda ba ya gani sam ana ba shi kuɗin wata-wata, da katin shiga mota, da mai koya masa tafiya da sanda. Wanda yake ɗan gani kuwa, sai an turo ma'aikaci gida ya duba yadda yake rayuwa, abin da ya rubuta shi ne hukunci. Aka sa mana rana, aka ce mace za ta zo.

A nan muka yi kuskuren da nake jin babu mai yin sa sai mu. Da muka ji ma'aikaciya za ta zo, abin da ya shiga kunnenmu shi ne baƙuwa za ta zo. Kwana uku muna shiri. Na wanke labule, na sayo dabino mai kyau. Ita kuma ta riƙa gwada tafiya da faranti daga kicin zuwa falo har sai da ƙafarta ta daina tambaya. Zuba gahawa da kunne take yi. Finjali ƙarami ne, ba a cika shi, kuma ƙarar ruwan tana canjawa in ya kai inda ya kamata. Ranar ina bayan ƙofa ina saurare, addu'ata ɗaya ce, Allah kada ta zubar. Ba ta zubar ba. Na ji baƙuwar tana cewa da Larabci, tana kiranta hala, wato inna:

"Masha Allah, hala, hannunki ko rawa ba ya yi."

Mahaifiyarku ta yi dariya, ta karanta mata sunanta daga katin da ke ƙirjinta, ta ƙara mata gahawa, ta raka ta har bakin matakala. Da ta rufe ƙofa ta jingina da bango ta ce, "Ya na yi?" Na ce, "Ko mai ido huɗu sai haka." Wallahi ranar da alfahari na kwana. Bayan mako biyu takarda ta zo. Ita da kanta ta karanta mini, kalma ɗaya-ɗaya ta cikin ramin nan nata: mai nema tana iya hidimar kanta, ba ta cikin masu buƙata. Ta ninke, ta sa a ƙarƙashin faranti, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

A bencin asibitin ido na haɗu da Baba Ɗanjuma mai turare, dattijon da ke da shago a bakin babban titin Mansur. Shi inuwa-inuwa yake gani. Hira ta kai mu har na ba shi labarin gahawa, ban faɗi ko matar wa ba. Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

"Ɗan Kudai, ai taku da sauƙi. Ni rakiya ce ta kashe ni."

"Rakiya kamar yaya, Baba?"

"Yaron da suka turo mini, da ya gama tambayoyinsa na ce ba za a yi baƙo ya fita shi kaɗai ba. Na tsallakar da shi titi har motarsa. Shekara arba'in ina bin titin nan. Har na ce masa ya kula akwai rami a gabansa. Ya je ya rubuta ni na fi shi gani."

Daga wannan benci abin ya tashi. Baba Ɗanjuma ya san mutane, mutane kuma in sun zo sayen turare baki yana buɗewa. Ashe muna da yawa. Akwai telan da ya zura zare a allurai tun safe ya jera, don kada baƙo ya gan shi yana lalube. Akwai matar da ta ɓoye sandarta a bayan firji. Kowa ya yi ƙoƙarin fita kunya, kowa ya fita daga tallafi. Muka riƙa zama a shagon bayan la'asar, maza biyar, shida, wasu a madadin matansu. Abin da muka tsayar ba shi da yawa: a riƙa aiki da awon likita, ba da idon mai ziyara kaɗai ba, in kuma dole sai an gwada mutum, a gwada shi a hanyar da bai sani ba, don a ɗakinsa ko makaho sarki ne na kansa. Aka kai wa mai rubuta ma'arud ya tsara da Larabci mai kyau. Saura sunaye, da lambar katin kowa, da dangwalen yatsa.

Sai aka rasa mai bi gida-gida. Ba wanda ya yarda baƙo ya shigo masa da wannan magana, wasu ko 'ya'yansu ba su so su sani. Ni suka yarda da ni, tunda abin da ke gidansu yana gidana. Ni kuma ban iya rubuta ko sunana ba. Da na gaya wa mahaifiyarku sai ta ce:

"Gobe ka taho da kwali daga tasha. Manya."

Haka makarantata ta fara, ina da furfura a gemu. Bayan takalman mata sun watse, ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ta zana harafi da baƙin alƙalami mai kauri, girmansa kamar tafin hannu, ta kama hannuna ta bi da shi. Malama ce mai zafi. Ta ce alif kamar ni yake, a tsaye ƙiƙam ba ya cewa komai. In na karkace ta ɗan mintsine ni ta ce, "Jakar alhaji ka iya ɗorawa daidai, ɗigo biyu sun gagare ka?" Kalmar farko da ta koya mini sunanta ce. Ta ce saboda in ta ɓace mini a asibiti in iya rubutawa in nuna. Na rubuta Safiya a kwali ya fi sau ɗari, na rubuta da yatsa a ƙurar gilashin motoci a Kudai, direbobi suna mini tsiya wai na yi budurwa. A watannin nan ramin da take gani ta cikinsa ya ƙara tsukewa. Na tambayi likita ko koyarwar ce ta ci sauran. Ya ce a'a, ciwon tafiyarsa yake yi. Har yau ban gama yarda da shi ba.

Na shiga bin gidaje. Ina rubuta suna ɗaya cikin lokacin da wani zai rubuta wasiƙa, masu gida suna jira, wasu na ba ni shayi don tausayi. Amma ko'ina magana ɗaya ce: ka sa ni a ƙasa. Don an ce wanda ke layin farko shi za a kira ya tsaya gaban shugabannin ofis ya yi bayani, kuma sunansa ne zai zaga gari. Baba Ɗanjuma ya so ya hau, sai aka ce masa ai shi kowa ya san shi da sanda, wanda ake buƙata shi ne wanda mutane za su rantse yana gani. Sunaye suka cika shafi biyu, saman na farko fari fat. Takarda ta yi wata guda a aljihuna har ta fara laushi.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don ban zauna in wanke kaina tas ba. Kullum in na dawo takan ce in karanta mata sababbin sunaye, don ta ji ko karatuna ya ƙaru. Ni kuwa kwana uku a jere sai in fara da cewa, "Na ɗaya, babu kowa. Na biyu, wane." Ba dole ne in faɗi haka ba. Na san abin da nake yi. Ban iya roƙonta ba, sai na riƙa ajiye mata farin layin a gabanta kamar yadda ake ajiye wa mutum faranti a yi shiru. A rana ta uku ta ce:

"Abu Hafsa, na ji ka tun shekaranjiya."

Na ce, "Ban ce komai ba."

"Shi ya sa na ji. Ɗauko alƙalami."

Sai tsoro ya kama ni. Na ce mata ta tuna matan layi. Na ce wa zai kawo wa makauniya takarda? Kalmar ta fita kafin in tare ta, ban taɓa faɗinta a gabanta ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce jiya Inna Kulu, tsohuwar da ke ƙasanmu, ta kawo takardar magani, ta karanta mata sau biyu a rana, daga baya ta sake leƙawa ta ga ashe sau ɗaya ne, sai da ta bi ta da kira. Ta ce yau ta kama kuskuren, gobe fa? Ta ce ta gaji da ƙirga taku a gaban mutanen da suka ɗauka tafiya take yi.

Na miƙa mata alƙalamin na ce to ta rubuta da hannunta. Ta kai takardar kusa da fuska, ta nisanta, ta juya ta wajen taga. Layin siriri ne, ta kasa samun sa. Ta mayar mini.

"Kai rubuta. Ai don wannan na koya maka shi, ban dai sani ba a lokacin."

Wannan shi ne rubutun da kuka gani. Hannuna ne, bakinta ne. Ɗigon da ya malale a ƙarshen sunan ba na alƙalami ba ne.

Ranar da aka kira mu, Baba Ɗanjuma ya aiko mata da farar sanda. Na ce mota ta zo har ƙofa. Ta ce a'a, a bakin titi za mu hau. Da hantsi, layi cike da mutane, mai waina tana suya, ta sauko da sanda a hannu tana taɓa ƙasa, ni ina gefe ta hana ni riƙe ta. Inna Kulu tana zaune a ƙofarta ta ce, "Ummu Hafsa, sandar wa kika riƙo wa?" Ta ce, "Tawa ce, Inna. Ina kwana." Muka wuce har titi, ƙarar man waina tana bin mu.

A ofis aka raba mu, maza nan, mata can. Mu namu bayanin Baba Ɗanjuma ya yi, ya ba da labarin ramin titi har mai sauraronmu ya rufe baki yana dariya, daga baya ya daina. Nata ban gani ba. Da ta fito na ji ƙamshin gahawa a jikinta, hannun abayarta a jiƙe. A mota ta ba ni labari. Ta ce ma'aikaciyar da ta zo gidanmu tana cikin masu zaman, ta gane ta, ta ce cikin ladabi, "Amma hala, ke kika zuba mini gahawa da hannunki." Ita kuma ta ce, "A gidana na zuba miki, 'yata. Ga buta nan ina jin ƙamshinta. Ajiye mini finjali inda kika ga dama." Aka ajiye. Ta laluba, ta ture shi, aka tayar, ta zuba a kan tebur da takardunsu da hannunta. Ta ce ta so ta ba da haƙuri ta goge, sai ta daure ta bar shi yana ɗiga suna kallo.

Na ce, "Ya ƙona ki?"

Ta ce, "Kaɗan. Shekara talatin ban zubar wa baƙo gahawa ba, Abu Hafsa." Ta juya fuskarta wajen taga, tagar da ba ta ganin komai a cikinta.

Ba zan ce muku mun canja duniya ba. An ɗauki watanni, aka kira mu, aka sake kira, na rubuta sunayen nan sau uku. Daga baya aka ce a ofishin nan za a sake duba waɗanda aka hana, a haɗa da awon likita. Mahaifiyarku ta samu, telan ya samu, wasu har yau muna bi. Maganar gwaji a hanyar da mutum bai sani ba kuwa ba a karɓa ba tukuna, shi ya sa kuke ganina da takardu, shi ya sa na shiga ajin manya da wani malami ɗan Sakkwato da ke karatu a nan yake mana ranar Asabar, inda na koyi wannan boko.

Abin da na ji tsoro kuma ya faru. Takalma suka ɗauke daga ƙofarmu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowace tana ganin in ta kawo takarda ta ci fuskarta. Suna zuwa dubiya da safe, su yi mata sannu kamar mai jinya, su tafi. Bayan la'asar kuwa sai ta dafa gahawa kamar kullum, ta zauna a kujerar nan fuskarta na kallon ƙofa. In an taka matakala ta gyara mayafi, takun ya wuce sama. A wannan hali kuka zo kuka same ta, kuka ɗauka wani ne ya fallasa ta. Ba ku tambaya ba, ita kuma ba mai bayani ba ce. Ni na riƙa baro aiki da wuri don kada gahawar ta huce ba a sha ba.

Sai wata rana, bayan kusan wata huɗu, na dawo na tsallake takalmin mutum ɗaya, tsoho, mai ɗinki a gefe. Inna Kulu ce, da takardar haya a hannu. Na ji tana cewa jikanta ya karanta mata amma bai iya faɗa da Hausa ba, kuma ko ya faɗa ba ya gaya wa mutum abin da zai yi. Mahaifiyarku ta karɓi takardar, ta shafa ta da yatsa, ta ɗaga murya:

"Abu Hafsa, tsaya nan bayan labule ka ara mini idonka."

Na tsaya. Aka miƙo mini. Na fara haɗa baƙi, harafi-harafi, gumi yana zubo mini. Kafin in kai rabin kalma ta ƙarasa ta da ka, ta fassara, ta ce in wuce gaba. Inna Kulu ta ce, "Wannan almajirin naki sai a hankali." Ta ce, "Bar shi, Inna, ba ya sauri amma ba ya ƙarya." Suka yi dariya su biyu, na ji ƙarar gahawa a finjali, ta tsaya daidai inda ya kamata. Daga baya wasu ma sun dawo, ba kamar da ba, biyu, uku. Shekara ɗaya da 'yan watanni muka yi muna wannan aiki tare, ni a bayan labule, ita a kujera. Duk zamana da ita babu lokacin da nake so a mayar mini kamar wannan.

Kun ce in bar gidan nan in koma kusa da ku a Shisha, kun ga na ƙi, kun ɗauka taurin kai ne. Gidan nan da takunta aka jera shi. In na tashi daga kicin da faranti har yanzu ƙafata tana ƙirga bakwai. Inna Kulu ta rasu, amma akwai masu kawo takarda bayan la'asar, ina karanta musu a bakin ƙofa, sai dai in na tsaya a rabin kalma babu mai ƙarasa mini.

To, ga yadda sunanta ya hau layin farko. Ku ɗora mini abin da yake nawa, farin layin da na karanta mata kwana uku, na ɗauka. Sauran ku bar mata, don kayanta ne, ita ta saye shi da tsada. Hafsa, in kin gama karantawa ki zo wata la'asar ki nuna mini inda na karkace, hannunki irin nata ne wajen mintsini. Ku taho da yaran, su yi wasa duk inda suka so. Kujerar dai kada a matsar.